Motarmu ta kusa bin jirgi cikin ruwa a Tiga

Tambaya: Ni da ƙanena mun haɗa kuɗi mun sayi ƙaramin jirgin faiba mai inji, muna jansa a tirela bayan mota mu je kamun kifi a dam ɗin Tiga. Zuwanmu na ƙarshe, ina ja da baya sai motar ta fara sulɓewa, na taka birki amma ba ta tsaya ba sai da ruwa ya shanye tayoyin baya. Da muka samu muka saki jirgin kuma, sai ga ruwa yana taruwa a cikinsa. Ina muka kuskure? Daga wani mai karatu a Rano.

Amsa: Malam, barka da arziki. Kuskure biyu kuka yi, kuma dukansu tun kuna kan tudu aka yi su.

Bari in fara da ruwan da ya shiga jirgin, don shi ne mai sauƙi. Yawancin jiragen faiba suna da ɗan rami a ƙasan bayansu, wanda ake buɗewa a tsiyaye ruwa bayan an fito, a mayar da abin toshiya kafin a koma. Ina kyautata zaton nan aka manta. Wanda ya yi shekaru a ruwa ma yana mantawa, musamman in mutum biyu ne, kowa yana ganin ɗan'uwansa ya rufe. Ku ɗora wa mutum ɗaya wannan aikin, ku kuma riƙa ɗaure abin toshiyar a jikin makullin mota idan kun cire, yadda ba za a tashi mota ba sai an gan shi. In kuwa a toshe yake, to duba gindin jirgin, wataƙila ƙarfen tirela ya tsaga shi.

Maganar motar ce ke buƙatar zama. Tiga, tun da aka kammala ta a 1974, aikinta tara ruwan damina ta sake shi ga manoman rani na Kadawa da Kura da kewaye. Saboda haka bakin ruwanta ba ya zama wuri ɗaya. Inda ka sauke jirgi lafiya lau a watan Oktoba, in ka koma a Maris za ka tarar ruwa ya ja baya, ya bar ƙasar da ta yi watanni a nutse. Samanta ya bushe har ya tsattsage, amma ƙarƙashi taɓo ne. Inda kuma akwai dutse ko daɓen siminti, gansakuka ta lulluɓe shi, santsinta ya fi na sabulu. Birki yana riƙe taya ne kawai. Idan tayar ba ta kama ƙasa ba, nauyin tirela da jirgi sai ya ja motar a hankali, kana ji kana gani.

Don haka kafin ka sa giyar baya, ka sauka ka taka wurin da ƙafarka, da gora a hannu, ka shiga har inda tayoyin tirela za su tsaya. In gorar ta nutse a laka, ko ka ji gangaren ya yanke farat ɗaya, canza wuri. Mafi sauƙi ma, ka gaida masuntan da ke wurin ka tambaye su, ko ka nemi Sarkin Ruwa. Su suka san inda ƙasa take da tsakuwa da inda take cin ƙafa, kuma ba su da rowar wannan sani ga wanda ya yi sallama.

Duk wani shiri a yi shi nesa da ruwa: loda koma da mai, kwance igiyoyin da suka ɗaure jirgi ta baya, ɗaga inji sama don kada farfela ta daki ƙasa. Igiyar gaba kaɗai za a bari, ba a kwance ta sai bayan jirgin ya fara iyo, kuma wata doguwar igiya tana hannun ƙanenka, yana tsaye a gefe. Kada kowa ya tsaya bayan tirela ko tsakaninta da mota. Kai kuma ka sauke gilashi, ka cire bel, ka fitar da yara daga motar. Tayar motar ta baya iyakarta bakin ruwa. In za ka fito, ja birkin hannu, kashe mota a giya, a sa dutse bayan taya. Ni a wurin da babu siminti na fi son a cire tirelar, a ɗaura mata igiya mai kauri a jikin motar da ke tsaye kan busasshiyar ƙasa, a sassauta a hankali. Ya fi cin lokaci, amma ya fi neman tarakta araha.

Ba ka ambaci rigar kariya mai hana nutsewa ba, shi ya sa na damu. A sa ta tun kafin a shiga, domin lokacin hawa da sauka ne jirgi ya fi tangaɗi. Ku shiga ɗaya bayan ɗaya, a tsakiya, a tsugune, kada a yi tsalle daga gaɓa. Kuma kada ganin dam ne ba kogi ba ya ruɗe ku. A ƙarshen Nuwamban 2021 jirgin da aka cika wa lodi ya kife a dam ɗin Watari da ke Bagwai, mutum 29 aƙalla suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa ta wajabta sa rigar, ta kuma hana tafiyar dare.

Da inji ya tashi, ka maƙala igiyar kashe inji, wadda ke kashe shi in ka faɗa ruwa, a wuyan hannunka, ka tafi sannu har ka bar gaɓa, don idan ruwa ya ja baya kututturen itatuwan da dam ya cinye suna matsowa dab da sama. Sannan tunda ruwa ya taɓa bayan motarka, kai ta wurin bakanike ya duba birkin baya da man aksul kafin ku sake ɗaukar hanya.