Hukuncin Barbaɗa Wa Dodon Koɗi Gishiri Da Kare Irinsa Daga Ƙarewa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni manomin latas da kabeji ne a wajen Kura. Idan ƙasa ta yi laima, dodon koɗi marar ƙwanso yana cin ganyen da dare, yara kuma suna barbaɗa masa gishiri su tsaya kallo. Ɗana ɗalibi ya ce a ƙasar Turawa akwai irinsa da doka ta hana a taɓa. Shin kashe shi laifi ne? Kuma kare irin wannan ƙwaro ba ɓata dukiya ba ne?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗanka gaskiya ya faɗa. A yankin Keri na ƙasar Ayilan aka gano wannan nau'in a 1842, kuma bayan ƙasar Ayilan sai arewacin Sifen da Fotugal ake samunsa. Tsawonsa santimita 7 zuwa 8, jikinsa duhu-duhu da ɗigon fari ko rawaya, abincinsa gansakukar duwatsu da ta jikin bishiya. In an taɓa shi sai ya dunƙule kamar bushiya. Dokar Tarayyar Turai ta 1992 ta sa shi cikin halittun da ake karewa. Wanda ke gonarka wani nau'i ne daban, ɗan'uwa, kowanne da hukuncinsa.

Malamanmu sun san wannan halitta. A cikin littafin Mudawwana an tambayi Imamu Malik game da halzun, wato katantanwar tudu, ya ce hukuncinta kamar na fara ne. Jininsa ba ja ba ne mai gudana irin na dabbar yanka, saboda haka a mazhabarmu mushensa ba najasa ba ne, yauƙinsa ma mai tsarki ne. Idan ya taɓa rigarka ka yi sallarka. Ganyen dai a wanke shi sosai kafin a ci, don lafiya.

Wanda ke maka ɓarna ya halatta ka kawar da shi, domin ƙa'ida ce cewa cuta gusar da ita ake yi. Amma batun gishirin nan ya dame ni. Ka duƙa ka dube shi da asuba. A kan dogayen ƙahonninsa biyu akwai idanu, ƙananan biyun na sunsuna ne. A gefen damansa akwai wata 'yar kafa da ke buɗewa tana rufewa, ta nan yake numfashi. Fatarsa danya ce, ba ta da abin kariya sai yauƙi, don haka gishiri yana zuƙe ruwan jikinsa, yana murɗawa yana kumfa har ya mutu a hankali. Wannan azabtarwa ce. Muslim ya ruwaito daga Shaddadu ɗan Ausu cewa Allah Ya wajabta kyautatawa a kan komai, har a wajen kisa. Ka hana yaran, kada zukatansu su saba da kallon wahalar mai rai suna dariya. Ka shimfiɗa jiƙaƙƙen buhu tsakanin kunyoyi da yamma, da safe za ka tarar sun taru a ƙarƙashi. Ka kai su nesa da gona, ko ka kashe su nan take, ba da wuta ba. Gishirin ma ƙasarka yake kashewa.

Kare nau'in da ke shirin ƙarewa kuwa yana da asali a shari'a. A Suratul An'am, aya ta 38, Allah Ya kira dabbobi da tsuntsaye al'ummomi irinmu. Bukhari da Muslim sun kawo labarin wani Annabi da tururuwa ɗaya ta cije shi, ya sa aka ƙone gidansu, Allah Ya zarge shi a kan halaka al'umma mai tasbihi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe filin kiwo na Naƙi'u, Sayyidina Umar ya keɓe na Rabaza. Don haka shugaba yana da ikon killace wuri saboda maslaha, binsa a nan wajibi ne, kuma abin da aka kashe bisa ƙima ba almubazzaranci ba ne, matuƙar ba a danne haƙƙin talaka ba. Musulmin da ke zaune a waɗancan ƙasashe bai halatta ya karya wannan doka ba. Mu ma ka tambayi dattawan garinku rabon da su ga ungulu a mahauta.

Wallahu a'alam.