Garin kwal a gwangwanin madara

Yaro, wai me ya sa muke dafa garin kwal a ruwan famanganet, sinadarin nan mai launin shunayya, har shunayyar ta mutu ta koma laka mai ruwan ƙasa? Tun shekarun 1920 wani Bature a Landan, William Bone, ya yi wannan aiki, kai sai yau ka ga damar tambaya.

Kwal ba ya narkewa balle ka san abin da ke cikinsa, dole ka farfasa shi ka duba ɓaraguzan. Famanganet yana cinye gaɓoɓi masu rauni, ya bar zobban kabon shida-shida, kowane zobe da asid a maƙale a gurbin da ya rabu da maƙwabcinsa. Zoben da ya fito da asid shida cif, shi ne melitik. Idan asid masu zobe suka rinjayi okzalik, asid ɗin da ba shi da zobe, to kwal ya nuna, wato ya tsufa a ƙarƙashin ƙasa. Niƙa da tacewa kuwa, in ba ka iya ba, ga kasuwar Faringada a Jos, je ka sayar da tumatir.

Melitik ɗin nan shi ya ja mini. Wani ɗan kwangila ya taso daga Abuja da gari a gwangwanin madara, niƙaƙƙe luƙui, wai daga wani rami a Kogi. Na ce ina dunƙulen? Ya ce direba ya manta. Kwana tara ina kansa cikin sanyin Disamba, ba wuta, man janareta daga aljihuna. Sakamako ya fito, melitik jingim. Raina ya ce mini, kwal ɗin Okaba ta Kogi da na Inugu ai ba su gama nuna ba, ina wannan ya samo tsufa? Na danne, don ya ba da rabin kuɗi, na sa hannu.

Ashe garin kok ya barbaɗa, wato kwal ɗin da aka riga aka gasa, kuma kok dama melitik yake zubarwa. Ya kai takardata gaban masu zuba jari. Suka haƙo nasu suka gwada. Sunan wa aka kira? Nawa. Shekara biyu ba wanda ya kawo mini ko tsakuwa, cikon kuɗina kuwa har gobe.

Ku yaran yanzu da na'ura ta tofo lamba sai ku kwafe. Wanda duk ya kawo gari, maida shi ya kawo dunƙule, ka fasa da hannunka, ka ɗebi na tsakiya da iska ba ta ci ba. Ajiye wayar nan, launin ya dusashe, ƙara famanganet.