Tarwaɗata ta ƙi fitowa, cikinta kuma ya lotsa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Wata biyu ke nan da na sayi ƙananan tarwaɗa guda biyu, irin da ake kira Corydoras, na zuba su a tankin gilashi tare da sauran kifayena. Mai sayarwa ya ce ba sai na ba su abinci ba, wai su ne masu shara, abin da ya faɗo ƙasa suke ci. Yanzu kullum suna maƙale bayan dutse, ɗaya cikinta ya lotsa, gashin bakinta kuma ya gajarce. Ina tsoron kar ta mutu mini. Me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Kifinki yunwa ce ke cinta, kuma wanda ya sayar miki da ita shi ya ɗora ki a kan hanyar.

Wannan zancen "masu shara" na gaji da jin sa. Ba a kwana biyu ban ci karo da wanda aka yi wa wannan huɗuba ba. Corydoras ba tsintsiya ba ce. Ba ta cin kashin sauran kifi, ko kusa. A kogunan Kudancin Amurka, inda ta fito, tana tona rairayi ne tana neman ƙananan tsutsotsi da 'ya'yan ƙwari, wato abin da ya fi yawa a cikinta nama ne. A tanki kuwa, kifayen sama sun wawushe abinci tun kafin ya kai rabin ruwa. To me ya rage mata? Wasu ma da suka ji haka sai su ƙara zuba abincin sama da yawa don wai ya sauko, ya ruɓe a ƙasa, ammoniya, wato gubar da ruɓaɓɓen abinci ke fitarwa a ruwa, ta tashi, a kashe kifin da aka so ceta. Mai sayarwa ya karɓi kuɗinsa ya yi gaba, ke aka bari da jinya.

Ki sayi abinci mai nutsewa, na ƙwaya ko mai faɗi kamar ƙwayar magani, ki zuba bayan kin kashe fitila da dare, lokacin da sauran suka lafa. Sau biyu ko uku a mako ki ƙara mata daskararrun jajayen tsutsotsi. Abin da ya kwana bai cinyu ba, ki tsame shi da safe.

Ɓuyar kuma ba wani ciwo ba ne a kan kansa. Kifin garke ne, biyu sun yi kaɗan. Ki kai su shida ko fiye, irin guda, za ki ga sun fito suna yawo tare. Ki ƙara musu maɓoya, guntun itace ko fasasshiyar tukunyar ƙasa. Abin mamaki, in maɓoya ta yi yawa sun fi fitowa.

Gashin baki da ya gajarce, ki duba ƙasan tankin. Tsakuwa mai kaifi da datti da ya taru a ƙarƙashinta su ne ke cinye shi, kuma da shi take laluben abinci. Ki koma rairayi mai laushi, ki riƙa canja kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan duk mako, zafinsa ya tsaya tsakanin digiri 22 zuwa 26. In kika ga ta zabura sama ta haɗiyi iska ta koma, kar ki firgita, ta hanji take shaƙar wannan iskar. Sai in zaburar ta yawaita ne za ki duba matatar ruwa.

Kuma don Allah kar wani ya ce ki zuba gishiri ko maganin da ke da jan ƙarfe a ciki don "ƙarfafa" ta. Ba ta da ɓawo irin na sauran kifi, ba ta jure su. Ki fara da abincin dare tun yau.