Ta Dutse zan tashi ko ta Kano?

Ɗan'uwa, ka ce daga Kiyawa kake, kana so ka hau jirgi a Dutse zuwa Abuja ka kama na Dubai duk rana ɗaya. Don Allah kar ka yi haka. Dutse jirage ba su da yawa, in aka soke naka shikenan sai wata rana, ga hazo lokacin hunturu yana hana jirgi sauka, kuma in tikiti biyu daban ka yanka ba ruwan kamfani na biyu da makararka. Filin Malam Aminu Kano kuwa in wannan bai tashi ba akwai wani. Gara ka shiga mota zuwa Kano, ka isa Abuja ana gobe tafiya, don kayanka ma sai an sake musu awo a can.