Tambaya da Amsa: An Sa Wa Jaririna Ɗamarar Yadi Bayan Karayar Ƙashin Cinya

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Na haihu makonni biyu da suka wuce, yaron ya zo ta ƙafa, haihuwar kuma ta yi wuya. Kwana biyu bayan haka muka lura ba ya motsa ƙafar hagu, kuma yana tsala ihu idan an taɓa cinyar. A asibiti aka ɗauki hoton ƙashi aka ce cinyar ta karye, amma maimakon a sa masa filasta, sai aka ɗaura masa wata ɗamarar yadi mai igiyoyi wadda ta tanƙwashe ƙafafunsa sama. Surukata ta ce yadi ba ya ɗora ƙashi, a kai shi wurin mai ɗori. Ni dai hankalina a tashe yake. Mene ne gaskiyar lamarin? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya raya yaro, ya ba shi lafiya. Ki kwantar da hankalinki, domin abin da aka sa masa shi ne abin da likitocin ƙashi suke zaɓa ga jaririn da bai wuce wata 6 ba. Ana kiran ta ɗamarar Pavlik, da sunan Arnold Pavlik, likitan ƙashi ɗan Cekoslobakiya wanda ya ƙirƙiro ta a shekarun 1940 domin jariran da aka haifa da gocewar ƙashin kwatangwalo, daga baya aka ga tana yin amfani a karayar cinya. Filastar da ke rufe ƙugu da ƙafa ana ajiye ta ne ga yaron da ya wuce wata 6 har zuwa wajen shekara 5.

Maganar surukarki tana da tushe idan babban mutum ake nufi, domin cinyar babba ba ta haɗuwa da yadi, yawanci sai an yi tiyata an sa ƙarfe. Ƙashin jariri daban yake. Yana lulluɓe da wata fata mai kauri mai yawan jini, wadda take saurin fitar da sabon ƙashi. Idan cinya ta karye, tsokoki sukan ja ɓangaren sama su ɗaga shi gaba, saboda haka ɗamarar take tanƙwashe ƙafar sama ta buɗe ta kaɗan, domin ɓangaren ƙasa ya bi na sama su daidaita. Cikin makonni 3 zuwa 4 yawanci ƙashin ya kama, ko da ɗan karkata ya rage, girma yana miƙe shi. Kuma idan kika ji wani ƙulli mai tauri a cinyar bayan kamar mako biyu, kada ki tsorata, sabon ƙashin ne.

Ban yarda a kai shi wurin mai ɗori ba, kuma ina faɗar wannan da girmama masu sana'ar. Ɗaurin karare da tsumma a ƙafar da ba ta fi kaurin yatsu uku ba yana iya tsare jini cikin 'yan sa'o'i, jariri kuwa ba ya iya cewa ɗaurin ya matse shi. Ki roƙi maigidanki ya tafi da mahaifiyarsa asibiti ranar komawa, a nuna mata hoton da idonta.

Aikinki a gida shi ne mafi girma. Kada ki kwance igiyoyin ko ki sauya tsawonsu, ki lura da alamar da likita ya yi a kansu. Maɗaurin ƙirji ya tsaya daidai kan nonuwa, kuma yatsunki biyu su iya shiga ƙarƙashinsa, domin yaro ya samu numfashi bayan ya sha nono. Kunzugu a ƙarƙashin igiyoyin ake sa shi, kuma wajen sauyawa ki tallafe ɗuwawunsa da tafin hannu, kada ki ɗaga shi ta ƙafafu kamar yadda aka saba. Wankan da kakanni suke yi wa jarirai, na miƙe gaɓoɓi da gasa jiki da matsawa, dole a dakatar da shi. A riƙa goge shi da tsumma mai ɗumi, a busar da bayan gwiwa da matsematsi da wuya, inda fata take saurin saɓulewa. Kada a naɗe ƙafafunsa a haɗe cikin zani, goyo kuma sai likita ya ba da izini.

Ki koma asibiti nan take idan yatsun ƙafar sun yi sanyi ko sun kumbura ko launinsu ya sauya, ko ya yi zazzaɓi, ko ya ƙi kama nono. Haka nan idan ya daina harba ƙafar da take lafiya, domin yawan tanƙwashewa yana iya danne jijiyar da take miƙe gwiwa, kuma gyaran igiyar da wuri yana warware matsalar. Jariri yana girma da sauri, saboda haka kada ki tsallake ranar dubawa ko ɗaya. Idan asibitinku ba shi da likitan ƙashi na dindindin, ki nemi takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.