Dalilin Saukar Jini Bayan Ciro Jariri a Tiyatar Haihuwa

'Yar'uwa, kin tambayi dalilin da ya sa awon jininki ya sauka, zuciyarki ta riƙa bugawa da sauri har kika ji tashin zuciya, jim kaɗan bayan an ciro jaririnki. Galibi abubuwa biyu ne suka haɗu: allurar kashe zafi da aka yi miki a kashin baya, wadda tun farko take sassauta jijiyoyin jini, da kuma maganin oksitosin da ake ba uwa ta jijiya domin mahaifa ta tsuke, kada a yi zubar jini. Oksitosin yana ƙara buɗe jijiyoyin, musamman idan an tura shi gaba ɗaya da sauri, amma wannan yakan lafa cikin 'yan mintuna.

A shekarun da na yi ina aiki a ɗakin tiyata, na sha ganin fuskar mace ta yi ja nan take, lambobin na'urar awon jini suna sauka, sai likitan kashe zafi ya ƙara gudun ruwa ya ba ta fenilefrin, maganin ɗaga jini, ta dawo daidai. Shi ya sa ake ba da oksitosin kaɗan-kaɗan. Sharaɗin da nake so ki riƙe shi ne, idan kina da hawan jini, ko ciwon zuciya, ko kin taɓa yin jijjigar ciki, ki faɗa kafin a shiga da ke tiyata nan gaba, domin maganin agometirin, wanda ake komawa gare shi idan mahaifa ta ƙi tsukewa, ɗaga jini yake yi, kuma ba a ba mai hawan jini shi.