Ka ce rana ba ta cin mai?

Jiya da na sa ka kwashe jarkokin man gyaɗa daga bakin shago, na ji kana gunaguni: wai Maigida, mai ne fa, me rana za ta yi masa? Zauna ka ji.

Abin da ke kashe mai iska ce, da zafi, da haske, da ruwa, da tsatsa. Iska ke shiga jikin mai ta farfasa shi har ya yi ɗaci da wari. Man gyaɗa yana da mai gadinsa, bitamin E, amma in zafi ya yi yawa shi ma ƙarewa yake yi. Na kamfani kuwa, wanda ka ga hoton ido a jikinsa, bitamin A aka zuba, tun 2002 gwamnati ta wajabta. Haske ne babban maƙiyin bitamin ɗin nan. Yadda ake tacewa da awo ba zan ɓata yawuna ba, ko jaki ya shekara a Sabon Gari ya iya.

Wani mutum ya zo mini daga wajen Tudun Wada, da carbi a hannu, ya ɗauki duro uku bashi, wai bayan salla zai biya. Ni na matse man nan da kaina, gyaɗar Samaru ce mai kyau, ko tunkuza babu a ciki. Ashe juye shi ya yi a tsofaffin durorinsa masu tsatsa, ya wanke da ruwa bai bari sun bushe ba, ya jera a ƙarƙashin rumfar kwano, ga bazara. Wata biyu sai ga shi da amalanke. Wai masu ƙosai sun dawo masa da shi, na sayar masa da ruɓaɓɓe. Na tsoma yatsa na lasa, maƙogwarona ya yi kamar an zuba barkono. Na leƙa gindin duron, ruwa ne kwance, jawur. Dattawan kasuwa suka ce a yi haƙuri a raba asara. A raba! Har yau in na hango shi a masallacin Juma'a sai in canza sahu.

Ku yaran yanzu kuna riƙe da waya amma ba ku san abin da kuke sayarwa ba. Bitamin A, D, E da K ba sa narkewa a ruwa, sai a mai, shi ya sa miyar zogale ke son ɗan mai. Jan manja ma ba ado ba ne, jiki ke mayar da shi bitamin A, hanta ta adana, shi ke tsare yaro daga dundumi. Matan da ke soya shi har ya yi fari ƙona amfanin suke yi.

Manjan da ya yi barci da hunturu lafiyarsa ƙalau, kada ka sake ka kai shi rana. Tashi ka rufe bakin duron can, ga shi ka bar mazurari a ciki.